Kaya Na Hanya

Shekara tara Baba yana shan wata 'yar farar ƙwaya safe da yamma, don zuciyarsa ba ta bugawa daidai. Ta yi gudu, ta lafa, ta sake fizga. Ni nake sayo masa idan na tashi daga ofis, a kemis ɗin wani tsohon abokinsa kusa da Babbar Kasuwa. Ko magana ba na yi, tsohon kwalin kawai nake miƙawa.

Wata rana, zamanin mulkin soja, mai kemis ya jujjuya kwalin ya ce, "'Yata, kaya na hanya daga Ikko. Ki dawo ran Laraba." Na dawo Laraba, ya ce Asabar. Babu kemis ɗin da ban shiga ba daga unguwar Rafin Guza har unguwarmu Kinkinau, kowa ya ce ya ƙare amma yana tafe. Halin mutanenmu ke nan, sai su yi ta jan ka da murmushi maimakon su fito su ce maka abu ya tafi ke nan.

Na ce da Baba mu koma asibiti. Ya ce, "Ke dai kin cika gaggawa. Mutum ya ce miki yana hanya." Sai ya koma raba ƙwayar biyu da reza don ta kai shi, daga baya ya koma rabi ɗaya a wuni. Ni kuma, sakarya, na zuba ido.

A mako na bakwai ya faɗi a bakin famfo yana alwalar la'asar. Likita ya dubi kwalin ya ce ai kamfanin ya daina yin wannan tun bara, tsohon magani ba ya kawo riba. Wai akwai wani a madadinsa, da mun zo da tuni an canza masa. Wasu ƙattai can a wata ƙasa sun rufe injinsu, ba wanda ya ga ya dace a gaya mana. Kwana biyu Baba ya yi a gadon asibiti ya cika.

Ran sadakar uku mai kemis ya shigo cikin gida yi wa Inna gaisuwa. Yana shafa addu'a na tambaye shi a gaban kowa ko ya sani.

Ya sunkuyar da kai. "Na sani tun ranar farko, 'yata. Amma tun muna samari muke tare da shi. Da wane baki zan gaya masa?"

Hawaye yake yi, kuma na gaske ne, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Inna ta ce in yafe masa, dattijo ne. Na ce na ji. Yau na kai shekarun da Baba ya rasu a kai, ban yafe ba.