'Yan Tsanan da ke Kallon Bango

Abin da na fara gani ranar da aka kawo ni gidan kakata a Illela shi ne ƙeyoyi. 'Yan tsana bakwai ne na laka a jere kan ɗan dakalin da ke saman gadonta, kowace tsawon yatsa, an zana musu kitso da tsinke, kuma duk bango suke kallo. Ban tambaya ba. Shekarata tara, daga Amarawa aka kawo ni don makaranta, kuma ni ba mai magana ba ce. Kakar tawa ita ta haifi mahaifiyata, Inna Ige muke ce mata.

A makaranta na tarar 'yan ajinmu sun haukace kan 'yan roba, ƙananan mutum-mutumi da ake samu cikin ledar wata alewa da ke shigowa daga Konni. Ba ki sanin abin da za ki samu sai kin yaga. Akwai soja, akwai raƙumi, akwai mace mai lema. Idan an tashi tara sai a baje su gindin darbejiya ana musaya. Hadiza, wadda babanta ke tuƙa mota zuwa Konni, ita ce alƙaliya. Takan ɗaga abu ta ce wannan jabu ne, wannan ya koɗe, wannan kowa na da shi. Ban taɓa ganin ɗayarsu ta yi wasa da nata ba.

Ni ma na tara goma sha ɗaya a gwangwanin madara, kowane da sunansa. Sai Kawu Sani, wanda ke karantar da yara a zauren gidan, ya gan su. Bai yi faɗa ba. Ya ce a yi wasa, amma gidan nan ba a ajiye siffa mai idanu. Ya ɗauko reza ya kankare musu fuska ɗaya bayan ɗaya, a natse kamar mai feƙe alƙalami, ya mayar mini.

Washegari Hadiza ta leƙa gwangwanina ta yi tsalle baya.

"Ku taho ku ga gawarwaki! Rabi, wa yac cinye musu huska? Kak ki ƙara aza su kusa ga namu."

Da yamma, bayan magariba, Inna na gasa masara bakin murhu. Na zo na tsuguna da gwangwanin cikin hijabina. Niyyata in zuba su a garwashi, in fara tara sababbi a ɓoye, ko a mayar da ni gindin darbejiya.

"Mi kike ɓoyo nan, ƙawata?" ta ce ba tare da ta ɗago ba. Na nuna mata, na gaya mata abin da Hadiza ta ce. Ta shafa sojan da ba shi da fuska da babban yatsa. "Matso. Ga wata tatsuniya nan tahe, kak ki bari bango ya riga ki ji."

Ta ce a wani ƙauye an yi 'yan mata masu gina 'yan tsana da lakar tafki. Wadda ta fi su iyawa takan sa wa nata idanu da 'ya'yan idon zakara, jajaye masu ɗigon baƙi. Sauran suka kwaikwaye ta. Daga nan wasa ya ƙare, sai jerawa da dubawa: taki hancinta ya karkace, taki wuyanta gajere. Akwai wata Dije da ba ta iya sa idon ba, nata sumul suke kamar ƙwai. Suka kore ta, ta koma bayan rumbu tana yi wa nata aure da suna ita kaɗai.

"To ashe laka na koyo," in ji Inna, ta juya masara. "Abin da duk taj ji kullum, shi take riƙewa."

Wata safiya gwanar ta farka ta tarar 'yan tsananta sun juyo suna kallonta. Ɗaya ta ce, da 'yar murya kamar ta sauro, "Haƙorinki ya karkace." Ta rufe baki. Kashegari wata ta ce, "Tafiyarki ba kyau." Ta daina tafiya. Haka ya faru a kowane gida. 'Yan matan suka zauna a ɗaka ba motsi don kada a ga laifinsu, har fatarsu ta bushe ta fara tsagewa kamar bakin tafki da rani. Mutane kuma suka riƙa ganin ƙananan sawu a hanyar rijiya. Dije kaɗai ta rage tana dariya, don nata ba su koyi komai ba sai sunayensu da waƙa.

Garwashi ya yi ƙara. Ta ƙofar ɗakin da ke buɗe ina hango ƙeyoyin nan bakwai a hasken fitila. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Inna, naki mi yas sa suke kallon bango?"

Ta ɓare masara.

"Nawa suna da ido," ta ce. "Ga zamaninmu ni ta Hadizar."

Ban zuba komai a wuta ba. Na ci gaba da tarawa, ina kai wa Kawu da kaina ya kankare. Ina wasana bayan aji, har wasu biyu suka gaji da alƙalanci suka dawo wurina. Amma kullum na share ɗakin Inna nakan duba dakalin. Ta bakwai, ta ƙarshen layi, zagayen ƙurar da ke gindinta bai taɓa daidaita da ita ba.

Yanzu ina koyarwa, kuma har yau ina tarawa. Akwai wani zaure a waya inda manya irina ke nuna nasu, kuma muryar gindin darbejiya tana nan: jabu ne, ya koɗe, kowa na da shi. Da ina ɗauka Inna tsorata ni ta yi don in bar damuwa. Sai da na kama kaina wata rana ina rubuta wa wata baƙuwa cewa raƙuminta ba na asali ba ne, na yi sauri na goge. Ashe ba Hadiza ta ja mini kunne a kanta ba.

Bara Inna ta rasu. Da ake kwashe ɗakinta na tarar Kawu, ya tsufa, ya tattara bakwai ɗin a tsumma zai kai bayan gida ya fasa. Ya ce shekara da shekaru ta hana shi taɓa su, iyaka ta yarda su kalli bango. Tsumman ya ɗan buɗe, wani jan ido yana kallona.

"Kawu," na ce, "kak ka hwasa su. Bar mini su, ka ara mini rezarka."