Goggo, Shafinki Ya Hau Sama

Ranar Laraba, sha bakwai ga watan Afrilu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Goggona, ƙanwar mahaifina, bayan doguwar jinya. Shi Ya ba mu ita, gare Shi ta koma, mu ma can muka nufa. Ina cikin aji aka aiko a kira ni. Da na hango Baba tsaye a bakin ƙofar makaranta da hularsa a hannu, na gane abin da ya faru.

Goggo, kin san ni ba mai magana ba ce. Gida ya cika, kowa ya faɗi alherinki, ni kuwa ina rakuɓe a bayan ƙofa. Shi ya sa na zauna na rubuta. A rubuce harshena ba ya sarƙewa, kuma ke kika fara gaya mini haka.

Har yau in aka tambayi Kaka sana'arki, cewa take yi danne-dannen kwamfuta. To, bari in faɗa yadda kika koya mini. Aikinki shi ne ki gano abin da mutane suke tambaya a injin bincike na intanet, ki tsara shafukan da za su ba su amsa, ta yadda in mutum ya rubuta tambayarsa, shafinki ne zai fito a sama. Kin yi wa mai sayar da takalma, kin yi wa masu gyaran firji, kin yi wa wata makarantar koyon tuƙi. Ofishinki ɗaki ɗaya ne a saman shagon masu gyaran waya: tebur biyu, fanka mai ƙara kamar za ta faɗo, da bango guda da kika cika da ƙananan takardu masu manne, kowace takarda da tambaya ɗaya.

Wani hutu ne Umma ta gaji da ganina kwance da littattafan soyayya, ta ce in riƙa bin ki ko na saba da mutane. Ranar farko kika hango littafin da na ɓoye a ƙarƙashin hijabi, kika ce, "Malama Shiru, wannan karon wa ya mace a kan wa?" Na so ƙasa ta tsage. Ba ki ƙwace littafin ba. Kujera kika jawo mini, kika ce in fara rubuta tambaya a wurin bincike, in tsaya a tsakiya. Na rubuta "me ya sa nake jin", na tsaya. Sai ga injin yana ƙarasa mini da kansa: tsoro, kunya, kaɗaici, kamar ba a sona. Kika ce duk abin da ya ƙarasa, wasu ne suka riga ni tambaya. "Kin gani? Duniya cike take da irinki. Abin da bakinsu ya kasa, yatsunsu ne suke faɗa." Na koma gida ranar ina kallon mutane a mota, kowa da wayarsa, ina tunanin wane ne a cikinsu ya rubuta irin nawa.

Ba ki ɓoye mini yadda ciwonki ya fara ba. Wata rana bayan la'asar, fanka ta tsaya saboda an ɗauke wuta, kika ba ni labari. Kin ji wani abu mai tauri a nononki, ba ya ciwo. Ba ki gaya wa kowa ba, waya kika ɗauka kika rubuta tambayarki a wurin bincike. Shafin da ya fito na farko na wani mai sayar da man shafawa ne. Ya ce in dai ba ya ciwo ba komai ba ne, a shafa safe da yamma zai narke. Kika yi ta shafawa har watanni suka wuce. Lokacin da kika je asibiti, abin ya riga ya yi nisa. Kika ce, "Ni da na san yadda ake hawa sama, na san hawa sama ba shi ne gaskiya ba. Amma ranar da tsoro ya kama ni, na farkon na buɗe, kamar kowa."

Ba ki yi kuka ba, ni ce na yi. Ke tashi kika yi kika cire takardun takalma da na firji daga bango, kika fara manna na tambayoyin mata a kan wannan ciwon. Daga ranar buri ɗaya ya rage miki: duk macen da ta rubuta wannan tambayar, shafinki ta fara gani, ba na mai man shafawa ba.

Likita, ƙawarki tun makaranta, ita ke ba da amsa, ke kina tsarawa. Ina tuna gardamarku a kan take. Ita tana so a rubuta "Alamomin ciwon dajin mama". Kika ce mata, "Wadda ta san sunan ciwon ai ta riga ta zo wurinki. Ni wadda ba ta sani ba nake nema." Kika rubuta shi yadda mata suke rubutawa: "Na ji wani abu mai tauri a nonona amma ba ya ciwo". Likita ta ce, "To ki sa naki a sama, nawa ya biyo a ƙasa, kada abokan aikina su ce na koma talla." Haka aka yi, duka biyun suna nan.

Kika yi babban shafi guda, kika kewaye shi da ƙanana, kowanne yana amsa tambaya ɗaya tak. Mai shayarwa ma tana iya samu? Budurwa fa? In na je asibiti me za a fara yi mini? Kika haɗa su, wadda ta gama wannan ta latsa ta shiga wancan, kuma duk hanyar da ta bi, ƙarshenta ɗaya ne: je ki a duba ki.

Ni kika ba buɗewar babban shafin. Na zage na rubuta abin da na iya. Na ce wata safiya ce mai sanyi, iska tana kaɗa labule, wata kyakkyawar mace tana tsaye gaban madubi, zuciyarta tana dukan uku-uku. Kika karanta da ƙarfi, da muryar masu wasan kwaikwayo, har sai da kika riƙe ciki. Sannan kika daina dariya kika ce, "Rubutun ya yi kyau, ɗiyata. Amma wadda tsoro ya kama ba ta da lokacin labule. Ba ta amsa a layin farko." Muka goge. Layin farko ya zama: rashin ciwo ba ya nufin babu matsala, yawancin irin wannan ba daji ba ne, amma likita kaɗai zai iya tantancewa, kada ki jira.

Hawa sama ba a kwana ɗaya ake yin sa ba. Da farko shafinmu yana can ƙasa inda ba wanda ke leƙawa. Muka yi ta gyara, muna ƙara tambayoyi, muna rage nauyin hotuna don ya buɗe da sauri a ƙaramar waya. Ba kya yarda mu duba matsayinmu a wayarki. Kika ce ta san ki, kara za ta yi miki. Sai ki aike ni ƙasa wurin mai gyaran waya in ari wata. Ya san abin da nake rubutawa, sai ya miƙo mini ya juya baya yana kwance wani abin da ba ya bukatar kwancewa. In na mayar masa ya ce, "Yau na nawa muka zo?" Muka shiga shafin farko na sakamakon bincike, muka hau, muka kai na biyu. A nan muka tsaya. Mai man shafawa yana samanmu, ke kuma aka kwantar da ke.

Takarda ɗaya ta rage a bango ba a amsa ba: "Ina jin kunyar likita ya duba ni." A gadon asibiti kika ce, "Wannan naki ne. Duk danginmu ke ce farfesar kunya." Na je wurin Likita ni kaɗai, na zauna gabanta na yi mata tambayoyi da bakina. Ta ce mace tana iya roƙon mace ta duba ta, tana iya zuwa da 'yar'uwarta, kuma ana jan labule. Na rubuta duk wannan. Sai na ƙara abin da ni zan bukata da ni ce. Na sa layi ɗaya da manyan baƙaƙe, na ce: in bakinki ya kasa, ki nuna wa likita wannan: "Na ji wani abu a nonona, ina so a duba ni."

Na karanta miki. Idonki a rufe kika ce, "Babu iska, babu labule?" Na ce labule ɗaya ne, na ɗakin likita. Kika yi murmushi kika ce in ɗora shi a intanet. Shi ne aiki na ƙarshe da kika sa wa hannu.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuta miki, Goggo. Da Likita ta zo gaisuwa, ta jawo ni gefe. Ta ce wata mata ta shigo wurinta, ta zauna, ta kasa ko gaisuwa. Can sai ta miƙo wayarta, kanta a sunkuye. Layin nan ne a buɗe. An duba ta, an sami abin tun yana ƙarami, an fara yi mata magani. Ba mu san sunanta ba, ita ma ba ta san naki ba.

Jiya kuma na roƙi Baba ya ba ni makullin ofis. Kafin in hau sama na tsaya wurin mai gyaran waya. Ya yi mini gaisuwa, ya miƙo waya, ya juya baya. Na rubuta tambayar. Bai juyo ba ya ce, "Na nawa?" Na ce, "Na ɗaya." Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ɗaga hannu yana yi miki addu'a.

Na san ba a zama a can har abada, kin gaya mini. Masu talla ba sa barci, tambayoyi kuma suna canzawa. Ba na jin tsoro. Baba ya yarda in riƙa zuwa bayan an tashi daga makaranta, Likita ta ce ƙofarta a buɗe take, kuma na riga na manna sababbin takardu a bango. Littattafaina ina nan ina karantawa, kada ki ce na tuba. Sai dai duk soyayyar da na karanta, ta mutum biyu ce da suka ga juna. Ban taɓa cin karo da wadda ta kwashe sauran kwanakinta saboda matan da ba za ta taɓa gani ba, sai ke.

Ya Allah, Ka ji ƙan Goggona, Ka gafarta mata, Ka sa jinyar da ta yi ta zama kaffara. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna ce makomarta. Duk macen da ta karanta ta tashi ta tafi asibiti, Ka kai wa Goggona ladan inda take kwance.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Kaka, wadda ta binne autarta. Ga mijinki, da bai bar gefen gadonki ba. Ga ƙannena, 'ya'yanki, Allah Ya raya su Ya albarkace su. Ga Baba da Umma, da Likita, da duk wanda rashin nan ya taɓa. Allah Ya ba mu haƙuri, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Ki huta, Goggo. Wadda ta tambaya yau, ke za ta fara samu.