Kellu da yaran da aka rubuta sau biyu

Kellu ɗiyar ƙanena Burahima ce. Tun tana ƙarama ba ta iya daka ba, har yau ma ba ta iya ba. Amma da ta gama lise, wato sakandare, a Damagaram ta koyi aikin ordinater, wato kwamfuta, ta dawo Gure, sai wata ƙungiya mai raba garin kunu ga yara masu tamowa a ƙauyukan Gidigir ta ɗauke ta riƙon rajista.

Duk yaron da aka kawo, a auna shi, a rubuta nauyinsa da ranar awo. Rajistar ta kumbura, kuma kowa ya san dalili. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Uba ya kawo yaro a rubuta Idirisa, wata mai zuwa uwa ta kawo shi ta ce Abba. Yaro ɗaya, layi biyu. Aka ce Kellu ta goge maimaicin kafin rabon Alhamis. Wanda aka goge bisa kuskure kuwa, ba shi da gari.

Ran Talata na leƙa buronta, wato ofishinta. Ta yi tsalle ta jawo ni.

"Goggo, zo ki gani! Ba na rubuta umarnin gogewa da hannu. Akwai kayan aiki da wasu suka tanada. In ɗauko umarnin babu komai a kansa, in ɗaura masa sunan rajista, sannan sharaɗi bayan sharaɗi, kamar raƙuman ayari. Uwa ɗaya. Ranar haihuwa ɗaya. Suna daban. Duk wanda ya cika ukun, na biyun ya tafi!"

"Ya tafi ina?"

"Ya gogu, Goggo. Amma sai umarnin ya fara nuna mini su."

Layi ɗari biyu da sha huɗu suka fito. Na sa tabarau. Shekara talatin na yi ina auna jarirai a asibiti, ido ya saba. Can na ga Hasan da Usaini, uwarsu Zara.

"Ke mai ilimi, tagwaye uwa nawa gare su? Ranar haihuwa nawa?"

Ta dafe kai. "Innalillahi! Da na kashe Usaini da yunwa."

"Da shi da wasu."

Ta kaɗa ƙafa. Sai ta daka tebur.

"Kilo! Goggo, in an auna su rana ɗaya, nauyi ya fito biyu?"

"Yara biyu ne. Sikeli ba ya alkunya."

Ba ta rushe abin da ta gina ba. Raƙumi ɗaya ta ƙara a wutsiyar ayarin: banda waɗanda aka auna rana ɗaya. Lissafin ya sauko ɗari da casa'in da bakwai. Yara sha bakwai suka tsira! Muka bi su ɗaya ɗaya, duk tagwaye. Sannan ta goge sauran, tana guɗa kamar an yi haihuwa.

Ran Alhamis na bi Kellu a motar rabo. Zara ta zo da ɗaya a baya, ɗaya a hannu, ta tafi da kaso biyu. Ba ta san Kellu ba, ba ta ma dube ta ba.