Sunan da Yaya Atika Ta Goge

Yayata Atika ba ta iya ganin rubutu ta ƙyale shi. Ko katin biki aka miƙa mata, kafin ta duba ranar ɗaurin aure ta gano inda aka manta waƙafi. Ta daɗe tana koyar da Turanci a makarantar 'yan mata a Rabah, har yau akwai matan da suka aurar da 'ya'ya, amma in suka hango ta a kasuwar Gandi sai su gyara tsayuwa. Da ta yi ritaya ta dawo gidanmu na Wurno, na ce alhamdu lillahi, jan biro ya huta. Ashe ban san komai ba.

Akwai wata ƙungiya a Abuja mai horar da ma'aikatan Majalisar Tarayya, akawunan kwamiti da masu bincike, kan yadda ake bin diddigin kasafin kuɗi da yadda ake zaman jin ra'ayin jama'a. In sun gama zango sai su tara rahotanninsu su buga littafi. Wani tsohon abokin aikin Yaya ya ba da sunanta, aka fara turo mata rahotannin ta imel, tana tace su kafin a kai maɗaba'a. Masu irin wannan rubutu, Allah ya shirye su, jimla ɗaya sai ta cinye rabin shafi ba ta ce komai ba. A ƙarfafa, a inganta, a bunƙasa. Yaya takan bar musu ɗaya ta zubar da sauran. Da hantsi take aiki, a gindin darbejiya, kwamfuta a kan turmin da aka kife. Ni Hassana, tsohuwar ungozoma, aikina in karanta mata da ƙarfi in ta gama, tana saurare ido a rufe, tana gyara min lafazi ba tare da na roƙe ta ba.

Ɗan farinta Siddiq yana aiki a ƙungiyar, bincike yake musu na wucin gadi. Tun da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa Goronyo, can ya tashi cikin manoman albasa. Yaya ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Kunyar ɗan fari ce irin tamu, ita kuwa ta riƙe ta da hannu biyu. "Yaron Goronyo" take ce masa, kamar yadda marigayi mijinta Ibrahimu ya rayu ya mutu yana "Malam" a bakinta. In Siddiq ya zo da salla ya durƙusa gaisuwa, bango take kallo ta amsa, yana fita ta tsamo tsokar da ta fi kowace ta ce in kai masa. Daga ita har shi babu wanda ya gaya wa shugabar aikin, Hajiya Adawiyya, cewa uwa da ɗa ne.

A littafin bara Siddiq ya rubuta babi guda, kan yadda kwamitin majalisa zai ji ta bakin mutanen ƙauye waɗanda ba sa zuwa ɗakin taro na otal: a je ranar kasuwa, a zauna bayan la'asar, mata a yi musu nasu zaman daban. Ni ya gaya wa, ba ita ba, cewa za a ɗauki masu bincike na dindindin a Majalisa, kuma sai wanda ya nuna rubutun da aka buga da sunansa. Wannan babin shi ne kaɗai abin da yake da shi.

An matsa wa Yaya da sauri a wannan karon, sai ta tura aikin tun kafin in karanta mata. Washegari muka zauna karatun duk da haka, don ita ba ta barin al'ada. Ina zuwa babin Siddiq na ga a ƙarƙashin kanun an rubuta wai wani ma'aikacin bincike ne ya shirya shi. Na koma gabatarwa, inda shi da kansa ya gaya min Hajiya Adawiyya ta yaba masa. Nan ma wayam.

Na ce, "Yaya, ina sunan Siddiq?"

Ko ido ba ta buɗe ba. "Ci gaba da karatu."

"Ba ni ci gaba. Mi kinka yi?"

Ta ce, "Ni ka tace littahin ga. In anka ga sunan yaron, ga yabo bisa yabo, kuma hannuna ya bi ta kai, mi za a ce? Ta zamna tana yabon ɗanta. Ni ko duban wurin ban iya ba."

Raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni. Na gaya mata maganar aikin Majalisa, ban rage komai ba. Matar da ke sa 'yan aji makyarkyata ta buɗe ido ta dube ni.

"Don mi bai hwaɗa man ba?"

Na ce, "Da wane baki? Yaushe kunka taɓa zama kunka yi zance?"

A ranar ne za a kai littafin maɗaba'a, bayan azahar, ga shi rana ta take. Ba lokacin imel ba ne. Yaya ta lalubo lambar Hajiya Adawiyya ta miƙo min wayar, wai in faɗa mata. Na tura hannuwana cikin zane. Na ce ke kika goge, ke za ki mayar. Allah ya sani na san taurin kanta, tana iya ajiye wayar ta shige ɗaki. Ta harare ni hararar da ta saba yi min tun muna yara, sannan ta danna kira.

Hajiya Adawiyya ta ɗauka cikin hayaniya. "Malama, muna kan duba shafukan ƙarshe, direba ma yana jira. Lafiya?"

Yaya ta ce, "Akwai kuskure, kuma nawa na. Na cire sunan wani marubuci, da inda kinka yaba mishi cikin gabatarwa. A maida su yadda su ke."

"Subhanallahi, ban ma lura ba. Marubutan nan da yawa, wa ke nan? Faɗa min in gyara yanzu."

Yaya ta dube ni. Na dubi darbejiya. Ta share gumi da bakin mayafi. Hajiya Adawiyya tana ta "Malama, kina ji na?" Can sai na ji ta ce, a hankali, kamar mai taka ƙasa bayan doguwar jinya, "Siddiq. Siddiq Ibrahimu."

Daga cikin wayar muryar namiji ta ce, "Na'am."

Ashe Hajiya Adawiyya ta buɗe muryar wayar ta ajiye a kan tebur, marubutan duk suna zagaye da ita, har da shi. Ta yi dariya ta ce, "Ga shi nan ma ya amsa da kansa. An gyara, Malama, kada ki damu." Yaya ta kashe wayar ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa na zauna daɓas a kan tabarma. Ban taɓa jin sanyi a rai irin na ranar ba.

Littafin ya fito da sunansa, aikin ma Allah ya ba shi. Da ya zo gida ya gaya min cewa tun da safen ya ga shafin babu sunansa, ya yi shiru, don ya san hannun da ya bi ta kai, ba zai kai ƙarar ta ba. Na ce to mi ya sa ka amsa gaban mutane, alhali ba da kai ake magana ba?

Ya ce, "Inna Hassana, ban san na amsa ba. Ban taɓa jin shi a bakinta ba. Na ɗauka kirana ta ka yi."