Anti Kwamfuta da 'Yan Ɗaya ga Janairu

Kafin injina su tashi take zuwa. Takan tsaya a ƙofar masana'antarmu ta sabulu, ta ciro ɗan ƙyalle daga jaka ta goge na'urar da muke dangwala yatsa, don hannun mai aikin sabulu ba ya rabo da santsi. Ta gaida maigadi, ta tambaye shi ya ƙafa, sannan ta wuce ɗakinta da ke jikin sito. Tebur ne a ciki, da kujera biyu, da fanka mai ƙara. Aikinta na farko kullum shi ne ta duba ko akwai wanda ya bar aiki, ta rufe masa hanyar shiga manhajar kamfani. Anti Kwamfuta muke ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ni a sashen kwali nake, abin da na gani da wanda shaidu suka faɗa mini shi zan rubuta.

Manhajar nan ita ke riƙe da komai namu: ranakun aiki, hutu, albashi. In kana da uzuri, kana iya tura wa wani aikin ranarka ta waya, shi kuma ya shiga da lambar sirrinsa ya karɓa. Daga nan ranar ta zama tasa. In bai zo ba, shi za a rubuta wa fashi.

Akwai dattijon da ke kula da tukunyar dafa sabulu tun kafin a haife ni, kowa Kawu yake ce masa. Bara Manaja ya kira shi ofis, ya ce manhaja ta nuna ya yi ta karɓar aikin ƙarshen mako ba ya zuwa, kuma a doka kora ce.

"Ranka ya daɗe, dubi wayar," in ji Kawu, ya ɗaga wata 'yar waya da aka ɗaure da roba. "Wannan ko hoto ba ta ɗauka."

"To wani ka ba lambarka, shi ma laifi ne."

Ya ba shi zuwa ƙarshen mako ya tattara kayansa.

Mai sharar ofis ce ta kai wa Anti labari. Anti ta sauko har bakin tukunya, ina nan na kawo kwali.

"Kawu, wa ka ba lambar sirrinka?"

"'Yar nan, ni kaina na manta ta, wa zan ba?"

Ta kalli katin aikin da ke rataye a ƙirjinsa. "Yaushe aka haife ka?"

"Tsohuwata ta ce da damina ne. Su kuwa masu ɗaukar aiki suka sa ɗaya ga Janairu."

Mai zuba turare ya leƙo ya ce, "A'a, Kawu, ai ni ma ranar ce!" Direban motar kaya ya ce shi ma. Na ce ni ma. Mai turare ya ce ashe duk 'yan biyu ne mu, lallai ungozoma ta ji jiki a ranar. Muka yi ta dariya. Duk wanda ya zo neman aiki bai san ranar haihuwarsa ba, wannan ranar ake rubuta masa, kuma mu ne kusan rabin masana'antar.

Anti ba ta yi dariya ba. Ta san in mutum ya danna cewa ya manta lambar sirri, abu biyu kawai manhajar ke tambaya kafin ta bar shi ya sa sabuwa: lambar aiki, wadda ke rataye a ƙirjin kowa, da ranar haihuwa.

Ta nemi izinin Kawu, suka hau ofis tare. Mai shara tana ciki tana goge taga, ita ta ba mu labarin. Anti ta miƙa wa Manaja wayarta da katin Kawu, ta ce ya gwada da hannunsa. Ya kwafi lambar, ya sa ɗaya ga Janairu da shekarar haihuwarsa da ke jikin katin, sai ga sunan Kawu ya buɗe da duk abin da ke ƙarƙashinsa.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, ranka ya daɗe."

Ta kuma nuna masa cewa da babbar waya aka canza lambar Kawu, a lokacin da shi yana bakin tukunya, inda ba a shiga da waya.

Manaja ya ce to a yafe masa. Kawu har ya fara durƙusawa yana godiya. Anti ta ce, "Wanda ya yi laifi ake yafe wa. In aka rubuta an yafe, fashin na nan a sunansa, ran da aka tashi rage ma'aikata shi za a fara gani. A goge shi." Manaja ya ce gogewa sai da yardar babban ofis, su kuma sai an rubuta musu cewa manhajar na da kafa. "Kuma ke ce mai kula da ita. Za su tambaya ina kike duk shekarun nan."

"Tambaya ce mai kyau," in ji ta. "Ni zan sa hannu."

Anti, ke ce kika sa hannun. Ke aka kira babban ofis kika sha tambayoyi, kika dawo, kika cire mayafi kika rataye a bayan kujera kika ci gaba da aiki. Mai toshe kafa kafin ruwa ya shigo ɗaki, sannu da ƙoƙari.

Kamfanin da ya sayar da manhajar ya ɗauki watanni kafin ya gyara. Kafin nan ta rufe wannan hanya gaba ɗaya. Duk wanda ya manta lambarsa sai ya zo ɗakinta da ƙafarsa. Layi ya riƙa kaiwa ƙofar sito, mutane suna tsaki, wasu na cewa ta mayar da kanta banki. In ka zauna za ka sa sabuwar lamba, sai ta juya kujerarta ta fuskanci bango. Wata tsohuwa a sashen naɗi ta ji haushi.

"Ina magana kina ba ni ƙeya? Ki riƙe mini lambar mana, ai kin zama 'yata."

"Inna, ko 'yar da kika haifa kada ki ba. Kin gama in juyo?"

Wanda ya yi ta jibga wa Kawu ranakunsa don ya sami hutu, an kira shi ofis, kuma daga baya ya bar aiki. An yi ta yi da Anti ta faɗi yadda aka yi da shi, ta ce ba aikinta ba ne.

Fashin kuwa an goge. A farkon shekarar nan kasuwa ta ja baya, aka rage ma'aikata, kuma da masu fashi aka fara. Kawu na nan a bakin tukunyarsa. Da ya ji ina wannan rubutu, ya ce in sa cewa 'yarsa ta ƙarshe ta gama makaranta yana cikin aikinsa, ba a zaune a gida da sunan korarre ba. Ga shi na sa.

Mun gode, Anti. Allah Ya sa ki huta lafiya. Ku kuma da aka damƙa wa sunayen mutane a cikin na'ura, ku yi koyi da ita. In na'ura ta ce mutum ya yi laifi shi kuma ya ce bai yi ba, ku tashi daga kujera ku je inda yake aiki ku tambaye shi tukuna.