Wayar da Ta Nemi Sunan Ɗan Fari

A makarantar mishan da na yi a Roni an hore mu da kiran kowane abu da sunansa. Maiɗakina kuwa 'yar gidan Fulani ce daga Gwiwa, kuma tun da ta haifi ɗanmu na fari, sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. "Wancan" take cewa, kowa kuma ya san wanda take nufi.

Da yanar ido ta rufe mata gani, shi ɗin ya zo Kazaure daga kudu, inda yake aiki, da wata waya mai jin magana.

"Inna, ba sai kin danna komai ba," in ji shi. "Ki ambaci sunana kawai, za ta kira ni."

Ta sunkuyar da kai. Bai lura ba, washegari ya koma.

Na sha jin ta tana lallashin wayar. "Baiwar Allah, kira mini wancan."

"Wa kike so in kira?" Muryar mace ce, mai ladabi, ba ta gajiya.

"Ke ma kin sani. Babban."

"Ban sami wannan suna ba."

Na ce zan kai wa mai gyaran waya a kasuwa ya sauya sunan. Ta ce, "A'a, Malam. Abin da ya saka da hannunsa, a bar shi." Idan ina gida ni nake kira mata shi, amma a gabana gaisuwa kaɗai take yi ta miƙo mini. Shi kuma kiransa ya yi ta ja baya, har aka shiga damina ba mu ji shi ba.

Wata rana bayan la'asar na dawo daga ta'aziyya, ina cire takalmi a ƙofar ɗaki, sai na ji ta faɗi sunan, can ƙasa-ƙasa.

"Ban ji sosai ba. Ki ɗaga murya," in ji wayar.

Sai ta sake faɗa da ƙarfi. Wayar ta shiga.

"Inna, ina cikin taro. Zan kira ki."

Ya kashe. Ta ci gaba da riƙe wayar a kunne. Na mai da takalmina a hankali na koma zaure, don kada ta san na ji.