Wasiƙun Gwaggota da Aka Ƙone a Ruma

Shekarun baya, lokacin ina kula da ɗakin ajiye takardu a ƙaramar hukuma, aka kafa kwamitin da zai raɗa wa sabon ɗakin mata na wani asibiti a yankin Safana suna. Na miƙe a zaman na ce babu wanda ya cancanta kamar gwaggota, Allah ya jiƙanta. Ita ce nas ɗin da ta yi jinyar sojoji a yaƙin basasa, ta dawo gida ta yi ta faɗa da manya har aka raba wurin kwanciyar mata da na maza, aka kuma daina yi wa mutane allura ba a dafa ta ba.

Shugaban kwamitin ya ce labari ne mai daɗi, amma suna son shaida a rubuce. Na gyara zaman hulata na ce shaida ai sana'ata ce. Na san ta yi ta aiko wa mahaifina wasiƙu tun daga bakin daga, kuma bayan rasuwarsa mahaifiyata ce ke riƙe da su a adakarta.

Na sami mahaifiyata a gidan da muka kama mata a Batsari, bayan 'yan bindiga sun tashi ƙauyenmu na wajen Ruma. Da muka gama gaisawa na kawo maganar. Ta daɗe tana murza carbi, sannan ta ce ta ƙone su da hannunta a safiyar da za su baro gida.

Raina ya ɓaci. Na yi mata dogon jawabi kan tarihi da amana, irin wanda nake yi wa ƙananan ma'aikata. Ta bar ni har na ƙare.

"Malam," ta ce, don ba ta taɓa kiran sunana ba, "kowace takarda da hatimin soja a bayanta. Waɗancan mutanen suna tare hanya su zazzage kaya, kuma ka san abin da suke yi wa wanda suka zarga da alaƙa da sojoji. Da jikokina nake tafe."

Na ce to da ta bar su a ɗaki.

"Da Bismillah a saman kowacce? In bar sunan Allah su tattake da takalma?"

Ta ce tokar ma sai da ta haƙa rami a gindin rumbu ta binne, sannan ta hau babur.

Na koma gaban kwamitin hannu biyu babu komai. Aka sa wa ɗakin sunan wani babban mutum da bai taɓa wanke ciwon kowa ba. Na rubuta takardar ƙorafi, aka karɓa, aka kawo mini ita ofishina in adana.

Har yau abin yana ci mini rai. Ban ga laifin mahaifiyata ba, kuma ban yafe wa waɗanda suka sa tsohuwa zaɓar wuta ba. Yanzu duk wata nakan kai ta wannan asibiti awon jini. Ba ta karanta boko, don haka allon da ke bakin ƙofa bai dame ta ba. In mun isa sai ta ce in riƙe hannunta mu shiga ɗakin gwaggota. Ban taɓa gyara mata ba.